Ɗan sahu ya matse ni, in rama ko in ƙyale?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine mashin na koma keke, daga Kurna nake tahowa Kantin Kwari kullum. Damuwata direbobi ne, musamman 'yan adaidaita sahu, mutum zai matse ka har ka kusa faɗawa kwata, in ka yi magana ya ɗura maka ashar. Rannan wani ya goge ni, na bi shi na daki jikin adaidaitar, sai ga shi ya fito da sifana, da ƙyar mutane suka raba mu. Don Allah ya zan yi da irin waɗannan? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiyarka ce, mai keke ma yana da haƙƙi a titi kamar kowa. Amma wallahi bin sa da ka yi ya fi gogar da ya yi maka haɗari. Ko ƙwai ya faɗa kan dutse ko dutse ya faɗa kan ƙwai, ka san wanda zai fashe. Shi yana cikin ƙarfe kai jikinka ne kawai, kuma ba ka san me ya kwaso ba, ƙila balas ɗin mai adaidaita bai haɗu ba, ƙila ma a buge yake.

In wani ya taso maka da oda da zagi kar ka yi masa daƙuwa, kar ka tsaya kallon-kallo, ka rage gudu ka bar shi ya wuce gabanka, don wanda ke gabanka kana ganin me yake yi, na baya ne abin tsoro. In ya tsaya ya fito to ka sauka ka riƙe keken a tsakaninku, ka ja baya zuwa inda mutane suke, bakin shago ko gidan mai, kar ka yarda ku keɓe. Sannan ka haddace lambar motar, in adaidaita ce lambar da ke jikinta, ka ɗau hoto da waya in ya juya amma kar ka cusa masa wayar a fuska, nan ma wani faɗan ne. Ka kai wa 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ko 'yan sanda mafi kusa. In an ji rauni a kira 122, layin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ne, ko 112, layin kiran gaggawa, kuma ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin tun kafin a watse.

Sai abin da masu keke da yawa ba sa yarda da shi, lafewa a bakin kwata shi ke jawo matsewar. In ka manne a gefe direba gani yake akwai hanya sai ya kutsa, ga rairayi da fasassun kwalabe a wajen, ga ɗan sahu da zai yanko ya taka birki don ya hango fasinja. Ka bar kamar mita ɗaya daga gefen, ka tafi a miƙe ba lauje-lauje, ka miƙa hannu kafin ka karya kwana. Da magariba ka sa fitila gaba da baya, ko rigar nan mai ƙyalli.

Tirela da tifa kuwa, don Allah kar ka taɓa shiga ta damarsu a shataletale ko wajen danja. Direban ba ya ganinka ko a madubi, in ya karya dama tayoyin baya yankowa suke yi ciki. Ka tsaya a bayansa har ya gama kwanar.