Amsoshin Tambayoyinku: An Ce Mu Maido Kuɗin Tallafin Abinci

Tambayoyin wannan fitowa uku ne, duk daga Amurka, duk kuma a kan wasiƙar nan da ofishin tallafi ke aika wa magidanci cewa an ba shi kuɗin abinci na SNAP fiye da haƙƙinsa, ya maido. SNAP shi ne wanda tsofaffin zuwa ke kira fud-stam har gobe, ko da yake tun 2008 aka sauya masa suna. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne ta hannun Ma'aikatar Noma, amma jihohi ne ke zuba shi a katin EBT, wato katin da ake sayen abincin da shi, su ne kuma ke bin bashin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasiƙa ta zo mana cewa ana bin mu dala 1,800. Maigidana ya sami aiki, na kai musu takardun albashinsa a kan lokaci, rasit ɗin ma yana hannuna, su ne ba su shigar ba. Yaya za a ce mu za mu biya? Daga wata Hajiya a Bronx, New York.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar ba daɗi, amma doka ta ce ko ofishin ne ya yi kuskure sai an maido rarar. Sai dai rasit ɗin nan naki ki riƙe shi da kyau, don shi zai iya rage yawan kuɗin.

Bashin iri uku ne, kuma dole a rubuta irinsa a wasiƙar. In kin ga AE, ofishi ya amsa cewa kuskurensa ne. IHE na nufin mutanen gida ne suka yi kuskure ba da gangan ba. IPV kuwa zargi ne na ɓoye gaskiya da gangan. Abu na farko ke nan da za ki duba, domin ba abin mamaki ba ne a rubuta wa mutum IHE alhali takardunsa suna kwance a fayil ba wanda ya buɗe.

Bambancin yana cikin lissafi. A ƙa'ida, kafin a yanke tallafin gida ana fara zare kashi 20 cikin ɗari na albashi a ajiye gefe, ba a ƙirga shi. Wanda bai faɗi albashinsa ba, idan aka zo lissafin bashi, ba a yi masa wannan rangwamen. Wanda ya faɗa ofishi ya yi sakaci, ana yi masa. Mu ce albashin dala 1,000 ne a wata. Rangwamen dala 200 ke nan, kuma tun da tallafi yana raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari na kowace dala da aka ƙirga, rasa rangwamen zai ƙara miki wajen dala 60 a kowane wata na bashin. A wata goma an doshi dala 600 a kan harufa uku da aka rubuta ba daidai ba.

Sai ki duba watan da suka fara ƙirga. Bashi ba ya farawa daga ranar da maigida ya kama aiki. Yana farawa ne daga watan da ya kamata a ce an rage tallafin, bayan an bar kwanakin kai rahoto da na aikin ofishi da na sanarwa. Kuma duk abin da ya wuce shekara 6 kafin ranar da suka gano, ba su da hurumin sa shi. Kina da ikon neman su nuna miki fayil ɗinki da lissafin wata-wata, ki kwafa.

Idan ba ki yarda ba, kina da kwana 90 daga ranar wasiƙar ki nemi zaman sauraron ƙorafi a gaban jami'in da ba shi ya yi lissafin ba. Muddin ana jiran hukuncinsa, ba a ɗaukar ki a wadda ta ƙi biya. Tafinta kyauta ne, ki ce Hausa kike so, kada ki ja ɗanki na sakandare ya je yana fassara lissafin da shi kansa bai gane ba. Wasiƙar kan ambaci inda ake samun lauyoyin kyauta in akwai su a yankin.

In kuma bashin ya tabbata kuna kan karɓar tallafi, daga katin za a riƙa zarewa: kashi 10 cikin ɗari na tallafin wata ko dala 10, wanda ya fi yawa. Gidan da ke samun dala 600 za a cire masa 60, dala 1,800 ta ƙare a wata 30. Ba dole ki yarda da fiye da haka ba. Akwai kuma wata ƙofa da mutane ba su cika ƙwanƙwasawa ba: jiha na da ikon yafe wani ɓangare idan ta ga halin gidan ba zai bari a gama biya cikin shekara 3 ba. Ba kowace jiha ke sakin hannu ba, amma ki nema a rubuce, ki haɗa da takardar haya da ta wuta da ta asibiti.

Tambaya: Malam, na tura yarana biyu gida Kumasi karatu, ban cire sunansu ba da na je sabunta takardu. Yanzu an aiko mini da wata takarda, an ce in na sa hannu ba sai na je zaman sauraron shari'ar ba. In sa? Daga wani direban tasi a Columbus, Ohio.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa hannu sai lauya ya karanta. Takardar nan ta yafe haƙƙin zama ce, kuma wanda ya sa mata hannu hukuncin mai gangan ya hau kansa, ko da ya zaɓi layin da ke cewa bai amsa laifi ba. Hukuncin shi ne a cire shi daga tallafi wata 12 a karon farko, wata 24 a na biyu, na uku kuma har abada. Sauran mutanen gida suna ci gaba da karɓa, amma kuɗin da yake samu ana ci gaba da ƙirga shi a kan gidan, ga shi kuma cirewar bashi ta ninka: kashi 20 cikin ɗari ko dala 20, wanda ya fi yawa. Bayan sa hannu babu sauran ɗaukaka ƙara a cikin ofishi, sai kotu.

Idan ka ƙi sa hannu, su ne za su kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa da gangan ka yi, kuma sai sun ba ka sanarwar kwana 30 kafin zaman. Gaskiya matsayinka yana da rauni, tun da fom ɗin sabuntawa yana tambayar wa da wa ke zaune a gidan, kuma yaron da ke Kumasi ba ya cikin masu ci daga tukunyar Columbus. Rarar dai za ka biya. Abin da ake jayayya a kai shi ne niyya: shin ka fahimci tambayar, an ba ka tafinta, yaran hutu suka tafi da farko daga baya zama ya kama? Tikitin jirgi da takardar shiga makaranta su za su nuna watan da suka bar gidan, don kada a ƙirga maka watannin da suna nan. In kuma ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, lauyan shige da fice ma ya ga takardar, musamman idan aka ambaci kotu.

Tun da an zo nan, a ja kunnen masu kai kati shagon unguwa a goga a ba su tsabar kuɗi. Wannan fataucin tallafi ne a idon doka, duk abin da aka goga bashi ne, kuma wanda kotu ta kama da na dala 500 ko fiye an rufe masa ƙofa har abada tun karon farko.

Tambaya: Mun rabu da mijina shekara biyu ke nan, na bar jihar, na daina karɓar tallafi. Bana sai aka riƙe kuɗin harajin da ake maido mini, wai bashin SNAP na lokacin da muke tare. Shi ne ya ɓoye aikinsa. Daga wata baiwar Allah a Chicago.

Amsa: Baiwar Allah, a nan tsuntsun da ya ja ruwa ba shi kaɗai ruwa ke duka ba. Duk wanda yake baligi a gidan lokacin da aka yi rarar, ana iya bin sa kuɗin gaba ɗaya, ba rabi ba. Saki bai goge wannan, ƙaura zuwa wata jiha ma haka. Bashin da aka bari ba biya ba yarjejeniya, jiha kan miƙa shi ga Baitulmalin tarayya, shi kuma ya tare kuɗin harajin da za a maido wa mutum, ko wani ɓangare na fanshon Social Security, har da ƙarin kuɗin aikin karɓa.

Kafin a miƙa, dole a aika sanarwar kwana 60. A nan aka fi samun matsala, don sanarwar tana zuwa tsohon adireshi, wataƙila ma hannun tsohon mijin. Ki rubuta wa ofishin bin bashi na jihar da kika baro, ki nemi kwafin wasiƙar farko da ta kwana 60, da adireshin da aka aika su, da jerin abin da aka riga aka karɓa daga gare shi da gare ki, don ba su da ikon karɓar fiye da jimillar bashin. Idan akwai watannin da kin riga kin bar gidan, ki tura takardar haya ko ta kotu mai ɗauke da kwanan wata a cire sunanki daga su. Abin da ya rage kuma ki nemi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a rubuce, ki tambaye su a cikin wasiƙar ko hakan zai sa su janye sunanki daga Baitulmali kafin lokacin harajin baɗi.