Sankarar jinin yara a Amurka: jini ne ko kulawa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko halittar jini ce ta sa yara baƙar fata a Amurka ba sa warkewa daga sankarar jini kamar fararen fata. Jini na da nasa kason, amma ba shi ne babba ba.

A nau'in da ya fi kama yara, wato ALL, binciken ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Children's Oncology Group na 2023 ya nuna cewa cikin yara 100, fararen fata kusan 87 ne ke kai shekara biyar cutar ba ta dawo ba, 'yan asalin Latin Amurka 83, baƙar fata 82. Amma a asibitin St. Jude da ke Memphis, inda ba a karɓar ko sisi daga iyaye, rahoton 2003 ya samu baƙi da farare suna warkewa kusan daidai.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan sallama. Magani na ɗaukar sama da shekara biyu, yawancinsa a gida: ƙwayar mercaptopurine kullum, methotrexate sau ɗaya a mako. Dakta Smita Bhatia, likita mai bincike kan sankarar yara a Amurka, ta yi amfani da kwalabe masu murfin da ke ƙirga buɗewa, ta gano cewa yaron da shansa bai kai kashi 95 cikin 100 ba, haɗarin dawowar cutar ya ninka masa fiye da sau biyu. Tsallake kwana biyu a wata ya isa. Uwar da ke aikin dare, ba mota, ba tafinta, inshora na yankewa, ba sakaci ne ya sa ta tsallake ba. A tsayar da lokaci guda, babba ɗaya ya riƙa ba da maganin da hannunsa, ko da yaron ya girma.

Wani abin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin 'yan asalin Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma hakan na sa awon fararen ƙwayoyin neutrophil ya fito ƙasa alhali lafiya lau suke. Likitan da bai lura ba sai ya ɗauka magani ne ya yi yawa, ya rage shi. Ki nemi a gwada Duffy, tare da TPMT da NUDT15 (ƙwayoyin gado da ke nuna yadda jiki ke sarrafa mercaptopurine), tun farko.

Idan aka kai ga dashen ɓargo kuwa, damar samun wanda ya dace a NMDP, rajistar masu ba da ɓargo ta Amurka, bisa alƙaluman 2021, kusan kashi 79 ce ga farar fata, 29 kacal ga baƙar fata, amma kafin nan akan fara gwada 'yan'uwan yaron uwa ɗaya uba ɗaya.