Wane tayil ya dace da ɗakin kwana a Fatakwal?

Malam, ka ce kana gini a Fatakwal, ga zafi ga danshi, kana neman tayil ɗin da zai dace da ɗakin kwana.

Ni dai fosilin nake ba da shawara, wato tayil mai tauri da ake gasawa da wuta mai tsanani. Ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, shi ya sa danshi ba ya cinsa kamar tayil ɗin siramik na gama-gari, ga shi da sanyi a tafin ƙafa. Ka ɗauki marar sheƙi. Mai sheƙin nan yana da kyau a shago, amma da damina raɓa takan kwanta a kansa, ya yi santsi, musamman idan akwai yara ko tsofaffi a gidan.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙasan. Idan ba a shimfiɗa leda kafin zuba kankare ba, ruwa zai riƙa tasowa ta layukan tayil ɗin, su yi baƙi. Kada kuma ka yarda mai aiki ya ɗiga siminti nan da can ya ɗora. Ƙwanƙwasa ka ji, in ya yi ƙarar rami, zai fashe.

Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awonka, duk daga rukuni ɗaya da aka sarrafa tare, don launi yakan bambanta tsakanin rukuni da rukuni. In ƙasan ya riga ya fara jiƙewa, kira injiniyan gini ya duba tukuna.