Wace ƙasa za mu nufa bayan Sin? Saurara tukuna

Na ga saƙonka. Kana tambaya, tunda yaran Sin sun ja baya, ina za mu karkata bana wajen nemo wa makarantun sakandare masu zaman kansu na Burtaniya da Amurka ɗalibai, Biyetnam ko Indiya, kuma ko gara mu zuba kuɗi a tallar Instagram da TikTok mu huta da yawon baje koli. Har jadawali ka haɗo mini mai launi-launi.

Jadawalinka bai yi ƙarya ba, amma bai gaya mini abin da ban gani da idona ba. Na shiga wannan sana'a lokacin da yaran Koriya ta Kudu ne ke cika ɗakunan kwana a Amurka, kai kuwa a lokacin ko tafiya ba ka fara ba. Daga baya Sin ta danne kowa. A 2016 ɗaliban waje a sakandaren Amurka sun haura dubu 80, kuma kusan biyu cikin kowane biyar daga Sin suka fito. Sai korona ta zo a 2020 ta rufe iyakoki. Abin da ya fi korona nauyi kuwa shi ne haihuwa. A 2016 an haifi yara kusan miliyan 18 a Sin, a 2023 miliyan 9 ne kawai. Yaron da ba a haifa ba a 2023 babu dillalin da zai kai shi makarantar kwana a 2036. Ga kuma manyan makarantun Ingila da kansu sun bi iyaye har gida, suna buɗe rassa. Harrow ta buɗe a Bankok tun 1998, ta buɗe a Beijin a 2005, Dulwich tana Shanghai, Repton tana Dubai, Marlborough tana Malesiya tun 2012, Charterhouse ta sauka Legas a 2024. Uba zai dube ka ya ce, ga sunan nan a garinmu, don me zan tura ɗan shekara 13 ya tsallake teku?

Kuma duk ƙasar da ka zaɓa, wani yana iya rufe maka ita cikin dare ɗaya. Iyayen Rasha sun shiga wahalar tura kuɗi bayan takunkumin 2022. Naira ta faɗi a 2023, kuɗin zango ya ninka a hannun iyayen da ke biya da fam. Burtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu daga Janairun 2025. Amurka ta dakatar da ba da ranar ganawar bizar ɗalibai na wasu makonni daga ƙarshen Mayun 2025, daidai lokacin da muke tsakiyar aiki. Ko Hong Kong da kowa ya ɗauka za ta cika mana aljihu bayan Burtaniya ta buɗe musu sabuwar biza a 2021, iyalai da yawa gaba ɗayansu suka kwashe suka koma Ingila, yaro ya zama ɗan jeka-ka-dawo, ba ya bukatar gado a makaranta balle dillali.

Batun cike fom da neman CAS na Burtaniya ko I-20 na Amurka, wato shaidar da makaranta ke bayarwa don neman biza, da shirya yaro ganawa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Abin da tambayarka ta tayar mini daban ne. Kai kana kallon ƙasashen da yara ke fitowa. Ni idan kasuwa ta ja baya, makarantun nake kallo, domin makaranta mai jin yunwa ta fi komai haɗari a wannan aiki, kuma ita ce ta ci ni cin da har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Wata ƙaramar makarantar kwana ce a ƙauyen arewacin Ingila. Lokacin da na fara zuwa, rabin gadajenta babu kowa. Shugabanta wani dattijo ne mai gaskiya, ya san sunan kowane yaro da sunan kakarsa. Muka zauna muka rubuta yarjejeniya, aka sa hannu, aka buga hatimi. La'adata kashi 10 na kuɗin shekarar farko, da wani ɗan kaso a kowace shekarar da yaron ya ci gaba, kuma idan ƙanensa ya biyo baya nawa ne. Na shiga gidajen mutane a Almati da Istanbul da Bankok da Hambug da Afirka ta Yamma, na zauna da iyaye mata har dare yana rabawa ina amsa tambayar wa zai ba yarinya magani idan zazzaɓi ya kama ta. Ban taɓa kai musu fiye da biyu ko uku daga ƙasa ɗaya a aji ɗaya ba, da gangan, don yara su tilasta wa juna Turanci. A hankali ɗakin kwanan ya cika, makarantar ta farfaɗo, har suka gyara rufin ɗakin taro.

Sai dattijon ya yi ritaya, kwamitin amintattu ya sayar da makarantar ga wani kamfani. Babu wanda ya rubuto mini. Daga bakin wata uwa na ji, ta kira ni tana tambaya wace ce wannan sabuwar hukuma da ta aiko mata wasiƙa. Sababbin masu makarantar suka ƙulla da wani babban dillali mai ofisoshi a birane da yawa na ƙasa ɗaya, ya cika musu duk gadon da ya rage da wanda suka ƙara a Satumba guda. An cusa gadaje uku a ɗakin da aka gina don biyu. Malamar da ke taimaka wa baƙi da Turanci kuwa tana nan ita kaɗai kamar da.

Na je da kaina a tsakiyar zango, ranar Litinin, na shiga ɗakin cin abinci. Dogayen tebura a cike, kowa yana hira da harshe ɗaya. Ba laifin yaran ba ne, su ma an zubo su ne babu shiri, wasunsu ko tambayar inda banɗaki yake ba su iya yi da Turanci ba. A can ƙarshen tebur na hango wata yarinya 'yar shekara 14 da ni na kawo, tirenta a gabanta ba ta taɓa komai ba, tana ta juya cokali. Na zauna kusa da ita. Ta ce, "Kawu, tun ranar Juma'a ban yi magana da kowa ba sai mamata a waya." 'Yan garin sun tafi gida ƙarshen mako, matar da ke kula da ɗakin kwana tana can tana fama da yara masu yawa ita kaɗai. Wannan yarinya da hannuna na karɓe ta daga mahaifiyarta a filin jirgi.

Daga nan na wuce ofishin sabon ma'aji da yarjejeniyata a hannu. Bai ko ce in zauna ba. Ya karanta shafin farko, ya turo mini takardar a kan tebur da yatsa biyu, ya ce da tsohon kwamiti na ƙulla ta, kuma an rushe shi. Su gini da suna suka saya, ba su sayi alkawarin kowa ba. Na ce yaran da na kawo fa, suna cikin ginin ko suna cikin alkawarin? Ya ce in yi magana da lauyansu. Ashe ma tuni sun kwashe lambobin iyaye daga fayil, sun rubuta musu cewa duk wanda ya kawo ƙanen yaro kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, za a yi masa ragi. Lauyana ya duba ya ce ina da magana, amma kuɗin shari'a a kotun Ingila zai cinye abin da nake bi ya nemi ƙari.

Kuɗin ya tafi, kuma kuɗi ne mai yawa, la'adar shekaru da ta ƙanne. Amma ba shi ne ya hana ni barci ba. Iyaye suka ce in fitar musu da 'ya'yansu. Ka'idar makarantun can ita ce sai ka ba da sanarwar zango guda cur, in ba haka ba ka biya kuɗin zangon. Suka riƙe kafin alƙalamin kowa, wanda ga ɗalibin waje yakan kai kuɗin zango ɗaya. Canza makaranta kuma yana nufin sabon CAS da sabuwar biza. Na yi duk wannan ban karɓi ko kwabo ba. Wani yaro yana tsakiyar karatun shekara biyu na GCSE, jarrabawar sakandaren Ingila, makarantar da ta yarda ta karɓe shi kuma da wata hukumar jarrabawa take aiki, littattafan ba ɗaya ba, dole ya maimaita shekara. Mahaifinsa shi ne mutumin da ya buɗe mini ƙofar gidaje da yawa a birninsu, da bakinsa yake cewa abokansa ku ba wannan mutumin yaranku. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Amana na ba ka." Ya ajiye waya. Har yau bai sake ɗaukar kirana ba, kuma daga wannan birni ban sake samun yaro ko ɗaya ba. Ma'ajin can kuwa na ji an ƙara masa girma.

To yanzu irin waɗannan makarantu sun yi yawa, kuma za su ƙaru, saboda haraji ya hau, yaran gida sun ragu, kowa yana neman baƙo mai biyan cikakken kuɗi. Ku yaran yanzu kuna ganin shafin intanet mai hoton ciyawa da tsohon gini sai ku ce makaranta ce mai kyau. Kafin ka kai wa uba sunan makaranta, gano mai ita. A Ingila lissafin kuɗinsu yana nan kyauta a Charity Commission, hukumar ƙungiyoyin agaji, ko Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, rahoton ISI, hukumar duba makarantu masu zaman kansu, ma yana nan, amma ba ku da haƙurin karanta shafi talatin. Tambaye su gadaje nawa ne, kuma yara nawa ke kwana a ciki daren Asabar. Tambaye su cikin ɗakin kwana ɗaya yara nawa ke jin harshe ɗaya. Idan suka fara yi maka zagaye-zagaye ka riga ka sami amsa. Ziyara ka kai ta da yammacin Asabar, ranar da babu wanda ya shirya maka. A Amurka, idan makarantar jeka-ka-dawo ce mai sauke yara a gidajen mutane, gano wa ke zaɓar gidajen, makarantar ko wani kamfani na daban, ka je ka ga ɗakin da idonka. Mai riƙon yaro a lokacin hutun tsakiyar zango a Burtaniya kuwa, ni ba na aiki da wanda AEGIS, ƙungiyar da ke tantance masu riƙon yara, ba ta amince da shi ba. Kowace yarjejeniyarmu yanzu tana da sakin layi cewa idan aka sayar da makaranta alkawarin yana bin mai saye, kuma yaran da muka kai suna iya fita ba tare da tarar zango ba. Makarantar da ta ƙi wannan layin mun rabu.

Game da ƙasashen da ka ambata, ga shi a taƙaice. Biyetnam kasuwa ce ta gaske, amma a 2019 jaridun Burtaniya sun ba da labarin yaran can da aka shigo da su da bizar makarantu masu zaman kansu suka ɓace bayan isowa. Tun daga nan ana tsaurara musu bincike, kuma makarantar da ake yawan ƙin bizar ɗalibanta tana iya rasa lasisin ɗaukar baƙi. Kada ka karɓi yaro daga ƙaramin dillalin da ba ka ga iyayen yaron da idonka ba. Indiya tana da nata tsofaffin makarantun kwana masu ƙarfi irin su Doon da Mayo, kuma yawancin iyaye sai a matakin jami'a suke tura yaro waje, saboda haka yawan jama'arta kada ya ruɗe ka. Jamus da Sifaniya suna turo yara zango ɗaya ko shekara ɗaya, la'adar kaɗan ce amma ba ta yankewa, sai dai tun 2021 duk wanda zai wuce wata shida a Burtaniya yana bukatar biza. Za mu taɓa ko'ina kaɗan-kaɗan, yadda na saba.

Tallar waya kuma yi kayarka da ɗan abin da na ware maka, yara ne za su gani. Amma uwa ce ke yanke hukunci, kuma uwa wata uwar take tambaya, wadda ɗanta ya je ya dawo lafiya. Kuna son ku gama sana'a daga kan kujera, ba ku son zaman falo na awa uku da tsohuwar da za ta maimaita tambaya ɗaya sau biyar. Baje kolin bana da kai za mu je, kuma kai ne za ka riƙa bin iyaye gida bayan an tashi.

Makarantu biyun nan da suka rubuto makon jiya, kada ka amsa musu tukuna. Ciro mini lissafin kuɗinsu na shekara uku da sunayen masu su, ka kawo mini ranar Alhamis. Fara da wadda ta ce za ta ba mu la'ada kashi 25, ina son in san me ya sa take biyan fiye da ninki biyu na abin da aka saba.