Tambaya da Amsa: Za ni Kumasi neman dangi, kyamara zan saya ko waya ta isa?

Saƙon farko na wannan makon daga Argungu ya zo, ga abin da ɗan'uwan ya rubuto:

"Salamu alaikum Malam. Kakanmu fataken goro ne, ya zauna Kumasi ya yi aure can. Da anka kori baƙi ya dawo gida da babanmu, anka bar ƙanwar babanmu wurin uwarta. Bara munka samu lambar ɗanta ta Facebook, tana raye amma ta tsufa. Ina son in tahi bayan salla in yi sati biyu, in gan ta kuma in ga gari. Na ware kuɗi, in sayi Canon ta hannu ko in tahi da Tecno ɗina haka nan?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da ladan zumunci. Korar da kake magana ita ce ta Nuwamban 1969, zamanin Firaminista Busia na Gana, sati biyu kacal aka ba mutanen da ba su da takarda su bar Gana, kuma gidaje da yawa a Kabi da Gwandu da Jega haka aka raba su, wasu nan wasu can. Kaga kenan goggonka tana cikin mutanen ƙarshe da suka ga abin da idonsu.

Shi ya sa nake ce maka kar ka sayi kyamarar nan. Ba don ba ta da kyau ba, a'a, amma mutumin da bai taɓa riƙe babbar kyamara ba sai ya yi wata yana koyonta kafin hotonsa ya kai na wayar da ya saba da ita, ga nauyi, ga caja daban, sannan idan ta mota za ka bi ta Seme da Kwatano da Lome har Aflao, bakin iyakar Gana, to duk shingen da aka buɗe jakarka aka ga ƙaton gilashi sai an tambaye ka ko ɗan jarida ne kai. Tsofaffi kuma da sun ga an ɗaga musu babbar kyamara sai su gyara zama su ɗaure fuska, hirar ta mutu. Waya kowa ya saba da ita, ana mantawa da ita a ajiye.

Idan wayarka tana da 128GB kuma batirinta bai mutu ba, ka bar ta. Kuɗin ka sayi ƙananan abubuwan da mutane ke rainawa. Na farko ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ka gwada shi a shagon kafin ka biya, ka ɗauki muryarka ka saurara, don akwai masu tsaki da yawa a kasuwa. Sai sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da fawa bank mai 20,000mAh. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba ka buƙatar wani abu a nan. Ni a wurina makirfon nan ya fi komai a jakarka muhimmanci, saboda hoton gidan kakanku kowa zai iya ɗauko maka shi ko bayan shekara goma, amma muryar goggo tana faɗin sunan kakan kakanku idan ta wuce ta wuce.

Ranar da ka sauka kar ka fito da waya sam. Ka gaishe ta, ka miƙa tsaraba, ku yi kukanku ku ci abinci. Washegari da hantsi ko bayan la'asar sai ka nemi izininta, ka ce Goggo ina son 'yan'uwa na gida su ji muryarki. Ka zaunar da ita a inuwa bakin ƙofar ɗaki inda haske ke faɗo mata a fuska, kar rana ta kasance a bayanta, ka kashe fanka da rediyo, ka sa wayar a yanayin jirgi don kira ɗaya ya isa ya katse maka ɗaukar. A saitin ingancin bidiyo ka bar shi a 1080, na sama da shi wato 4K yana iya cin kusan 350MB a minti ɗaya, awa guda ta cinye maka fili ba gaira ba dalili.

Kuma kar ka ce mata "ba ni tarihi", za ta ce ba ta san komai ba. Ka tambaye ta ƙananan abubuwa. Wane laƙabi ake kiran babanta da shi a zango, gidan wa ya fara sauka, wane ne maigidansa a harkar goro, ina take tsaye ranar da motar ta tashi da su, me ya bar mata. Idan ta yi shiru kai ma ka yi shiru, wlh abin da ke fitowa bayan shirun nan shi ne maganar. In tana da tsagen Kabawa a fuska ka roƙe ta ka ɗauka kusa kusa, yara masu tasowa ba su san shi ba.

Sannan ka tambayi tsofaffin hotuna da takardu, galibi suna cikin akwatin ƙarfe ko ƙasan kwalla. Ka shimfiɗa su kusa da taga, ba filasha, ka ɗauki gaba ka juya ka ɗauki baya, don a bayan ne ake samun hatimin situdiyo da shekara, wani lokacin har da rubutun ajami. Kar ka roƙi a ba ka na ainihin, nasu ne. Duk hoton taro da ka yi kuma, nan take ka sa wani ya faɗi sunayen mutanen daga dama zuwa hagu kana ɗauka, in ba haka ba ka dawo Argungu da fuskoki hamsin ba ka san ɗiyan wa da wa ba ne.

Yawon gari ba ya buƙatar dogon bayani. Ka shiga kasuwar Kejetia, ka je fadar Manhyia ta sarkin Asante, ka sa ɗan goggo ya kai ka gaishe da Sarkin Zango. Duk inda ka shiga ka tambaya ko an yarda da hoto, bakin iyaka da bariki da 'yan sanda kuwa ko da wasa kar ka ɗaga waya. In da lokaci Salaga ta cancanci zuwa duk da nisanta, can ce tsohuwar kasuwar goron Gwanja, kuma babban malamin nan Alhaji Umaru na Salaga da ya rasu a Kete Krachi a 1934 asalin gidansu Kabawa ne. Biza ba ka buƙata, amma kar ka manta katin rigakafin shawara.

Na biyu daga wata Hajiya a Gusau. Ta ce za su Umra ita da maigida, kuma suna da dangi a Makka, jikokin ƙanen kakarta da ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Wayarta ta cika, ta saya a nan ko ta bari sai ta je can?

Hajiya, in dai za a saya to a saya a nan, ko da sati biyu kafin tafiya, ki saba da ita hannunki ya san inda komai yake. Sayen waya a can ba laifi ba ne, amma kwana biyunki na farko za su tafi a kwashe lambobi da neman fasawod. In kuma cika ce kawai matsalar, ki kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ki sayi filas mai bakin waya ki riƙa juye hotunan kowane dare. Google yana ba da 15GB kyauta, ki yi amfani da intanet ɗin otal ki ɗora masu muhimmancin. Wanda za ki tura wa ta WhatsApp ki tura a matsayin dokumen, in ba haka ba yana matse hoton ya lalata shi. Fawa bank a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a babban kaya ba.

Abin da ya fi damuna a tafiyarki ba wayar ba ce. Matan gidajen can da yawa ba sa son a ɗauke su, kuma dokar Saudiyya tana hukunta wanda ya ɗauki mutum da waya ya yaɗa ba da yardarsa ba. Bayan haka ba kowane ɗan'uwanmu da ke zaune can ne takardunsa suka cika ba, ke ki ɗora bidiyo a TikTok don murna ki jawo wa bayin Allah abin da ba ki yi niyya ba. Ki tambaya tukuna, abin da suka ce na gida ne ya tsaya a gida. Dutsen Uhudu da masallacin Ƙuba ki ɗauka son ranki, amma ki kula da fuskokin mutane.

Na ƙarshe wani ɗalibi ne daga Kamba, sun dawo daga wurin dangi a Gaya da Dosso, hotuna sun cika waya, yana tambaya album ko firam.

Album, ɗan'uwa, kuma guda biyu, ɗaya naku ɗaya ka aika musu da direba. Ka zaɓi kamar arba'in ka bar sauran, ka rubuta suna da gari da shekara a bayan kowanne da fensir, biro yana huda takarda ya fito ta gaba. Kafin mai wankin hoto ya buga duka ka sa ya buga maka guda ɗaya ka duba a hasken waje, don wasu injinan suna dushe baƙar fata har ba a gane ido, wasu kuma su ƙara haske mutum ya koma ba shi ba. In na gwajin bai yi ba ka canza shago.