Amsa: Sa ranar hotunan 'yan ajin ƙarshe a lokacin kaka

Ɗan'uwa, ka ce wasu iyaye a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka sun nemi ka ɗauki hotunan 'ya'yansu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kana tambayar yaushe ya dace ka sa rana.

Fara tambayar kowane yaro ranar da makarantarsu za ta rufe karɓar hoton kundin ƙarshen shekara, wato littafin hotunan ɗalibai da makaranta ke bugawa. Bikin yaye ɗalibai sai Mayu ko Yuni, amma makarantu da yawa tun kaka suke rufewa, wasu ma har da ƙa'idar girman hoto. Ka bar wa kanka mako biyu na gyara.

A tsakiyar Ohio ganye yakan rine ja da ruwan ɗorawa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa, amma ruwa da iska na dare ɗaya sun isa su kakkaɓe shi. Don haka kowace rana ka yi mata ta ko-ta-kwana. Ka fita da la'asar sakaliya, awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ka tsayar da yaron ya ba wa rana baya: gashi da kafaɗu su ɗauki haske, ido ba ƙanƙancewa. Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a can, daga nan wajen 5:30 rana ta faɗi, don haka ɗaukar hoto sai dai Asabar da Lahadi, ranakun da babu makaranta.

Yammacin Juma'a kam ka haƙura, na ƙwallon makaranta ne.

Kaya kala biyu sun isa, marasa zane, don mai zane faɗa yake da ganye. Wanda bai kai 18 ba, iyayensa su sa hannu kafin ka ɗora hotonsa a Instagram.