Tambaya da Amsa: Wane lensi zan fara ɗaura wa Leica M6 ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Agege ta Legas, shekarata bakwai ina aikin biki da suna da kyamarar dijital. Kwanan nan na sayi Leica M6 ta hannu, jiki kawai babu lensi, don in riƙa ɗaukar rayuwar unguwarmu a fim: mahauta a Oko-Oba, yara a makarantar allo, dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Na tara kuɗin lensi guda ɗaya mai daraja. Abokaina na cewa in sayi Summilux 50mm f/1.4 in huta, wasu sun ce Summicron (duka biyun na Leica ne), wasu kuma na kamfanin Zeiss. Ina sa tabarau. Wanne za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan kyamara. Shawarata ita ce Summicron-M 50mm f/2. Idan sayensa zai cinye har da kuɗin fim da wanki, to ka ɗauki Zeiss Planar 50mm f/2 ZM da zuciya ɗaya. Summilux kuwa ka bar shi sai gaba.

Mu fara da yadda kyamarar taka ke gani. Wadda ka saba aikin biki da ita, ta cikin lensi kake leƙawa, abin da ka gani shi za ka samu. M6 ba haka take ba: tagar leƙe daban, lensi daban. A tsakiyar tagar akwai ɗan tabo mai haske inda abu ke fitowa biyu, kana juya zoben lensi har biyun su haɗe, shi ne saiti ya zauna. Abin da ke haɗa lensi da wannan tabon wani ƙarfe ne a gindin lensin, yana tura wata 'yar taya a bakin kyamara. Aikin maƙera ne zalla. Idan kyamara ta taɓa faɗuwa, ko ta sha jijjiga a ɗanfo da acaba, tayar na iya gocewa kaɗan, kai kuma ba za ka sani ba sai an wanko fim.

To a nan f/1.4 ke ba sabon hannu wahala (lambar f ma'aunin buɗewar ƙofar hasken lensi ce: ƙaramar lamba, babbar buɗewa). Idan ka tsaya mita ɗaya daga mutum da lensi 50mm a buɗe f/1.4, abin da zai fito tar bai wuce kaurin santimita 3 ba. A f/2 yana kai kusan 4 da rabi. Dattijo ya ɗan sunkuya kan carbinsa, ko kai ka ja numfashi ka karkata, shi ke nan ido ya dushe, kunne ne ya fito. A dijital ka duba bayan kyamara ka sake ɗauka. A nan ɗauka 36 gare ka a nadi guda, kowace da kuɗinta, kuma dattijon ya riga ya tashi ya shiga sallah. Na fi so ka yi shekara kana samun hotuna masu kyau hannunka na nuna, da ka yi ta kana zargin kanka a kan abin da ba laifinka ba.

Sai hasken ranar Legas. Saurin ƙyaftawar M6 ya tsaya a 1/1000 na daƙiƙa. Da tsakar rana, da fim mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama hasken fim), dole ka tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/11. Ko da fim mai ISO 100 ne, kana wajen f/5.6. Wato daga hantsi har la'asar, wannan buɗewar da ka biya maƙudan kuɗi dominta tana nan ajiye, sai ka ɗaura filta mai rage haske kafin ka taɓa ta.

Ba zan danne wa Summilux haƙƙinsa ba. Na zamanin nan, wanda Peter Karbe ya tsara ya fito a 2004, lensi ne na gani na faɗa, kuma f/1.4 na shigo da ninkin hasken f/2. Bayan magariba, a teburin mai shayi ko gaban tukubar mai tsire da kwan fitila ɗaya, wannan ninkin yana da amfani. Amma kyamararka ba ta da madubin da ke bugawa a ciki yana girgiza ta lokacin ɗauka, don haka idan ka jingina da bango ka riƙe numfashi, ƙyaftawar 1/30 na zauna maka. Kana kuma iya ɗaukar fim ɗin 400 a matsayin 800, ka gaya wa mai wanki ya ƙara masa lokaci. Da waɗannan biyun f/2 zai kai ka har isha'i. Ga nauyi: Summicron giram 240, Summilux giram 335, kuma da yake ya fi kauri, ya fi cin kusurwar dama ta ƙasa a tagar leƙe.

Abin da ya sa nake ƙaunar Summicron shi ne ba ya ba mutum mamaki. Sunan ya fara fitowa a 1953, shekara guda kafin kyamarar Leica M3. Tsarin gilasan da ake sayarwa har yau na Walter Mandler ne, wanda ya yi a masana'antar Leitz (kamfanin da ke ƙera Leica) ta Midland a Kanada, ya fito a 1979, gilasai shida ne a ciki. A 1994 aka sauya masa jiki, aka sa masa malafar kare rana mai zugewa, amma gilasan ba a taɓa su ba. Amfanin wannan gare ka shi ne, lafiyayye na hannu daga shekarun 1980 zai ba ka hoto irin na sabo fil. Idan ka ga an rubuta Kanada a jikinsa kada wani ya ce maka jabu ne. Ni ma na fi son na kafin 1994, saboda yana da ɗan kunne a ƙasan zoben saiti inda yatsa ke zama. Bayan 'yan watanni yatsanka zai haddace inda mita biyu take da inda mita biyar take, ka saita tun kyamara na ƙirjinka. A cikin hayaniyar mahauta wannan ya fi kowace buɗewa amfani.

Planar, kamfanin Cosina ke ƙera shi a Japan bisa tsarin Zeiss. Kaifinsa bai bar wa kowa abin faɗa ba, baƙinsa da farinsa sun ɗan fi ƙarfi, kuma sabonsa bai kai rabin kuɗin sabon Summicron ba. Ɗan'uwansa C Sonnar 50mm f/1.5 kuwa, duk da daɗin da yake yi wa fuska, saitinsa na matsawa idan ka sauya ƙofar haske a kusa. Sai wanda ya san halinsa. Akwai kuma Voigtländer APO-Lanthar 50mm f/2 na 2021, mai kaifi ƙwarai, sai dai ya fi su tsawo. Noctilux f/0.95 na Leica mai giram 700 ba maganar yau ba ce.

Wani zai ce maka lungunan Agege sun matse, 35mm ya fi. Yana da hujja. Sai dai kai mai tabarau ne, kuma yawancin M6 tagarsu 0.72 ce, wato tana nuna abu ƙasa da girman da ido ke gani. Da tabarau layukan da ke nuna iyakar hoton 35mm a tagar na maƙalewa a gefe, sai ka yi ta juya ido kana nemansu. Na 50mm kuwa suna zaune a tsakiya da fili a kewaye, kana ganin yaro mai allo yana tahowa tun bai shigo hoton ba. Kuma 50mm na barin tazarar ladabi tsakaninka da dattijo: ka cika hoto da shi ba tare da ka tsaya masa a ka ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin shi ne ke kashe lensi a garin nan: danshi. Na taɓa barin wani lensi a jakar fata cikin kwaba tun daga Mayu har ƙarshen Yuli. Da na fito da shi, fumfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo. An goge ta, amma ta riga ta ci shafen gilashin, tabon bai fita ba, kuma har yau abin na yi mini ciwo. Saboda haka duk lensin da za ka saya na hannu, a Ikeja ne ko wani ya taho maka da shi daga waje, ka buɗe ƙofarsa gaba ɗaya, ka haska tocilar waya ta baya, ka duba ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare mai rassa, ko hazo kamar an hura wa madubi numfashi, ka ajiye masa abinsa. Tsofaffin Summicron na shekarun 1950 sun fi yawan wannan hazon, ga shafen gabansu mai laushi da ke karcewa wajen gogewa.

Ka je da kyamararka, gani ya kori ji. Ka ɗaura lensin, ka juya zobe zuwa ƙarshen nesa, ka auna wata hasumiya ko turken sadarwa mai nisa sosai: dole biyun su haɗe daidai a tabon. Sannan ka nemi mai kayan ya ba ka kwanakin gwaji, ka jera kwalabe uku a bayan juna a tazarar mita ɗaya, ka saita ta tsakiya a f/2, ka wanke fim ɗin ka gani. Idan ta gaba ko ta baya ce ta fito tar, kyamarar ko lensin na buƙatar mai gyara, kuma gara ka sani kafin kuɗi su bar hannunka.

Daga rarar da ta rage maka ka sayi akwatin busar da kayan hoto, ka riƙe danshinsa tsakanin kashi 40 zuwa 50. Tunda wuta ba ta da tabbas, ka haɗa da robar da murfinta ke rufewa ruf da ƙullin silika a ciki, kana gasa silikar lokaci-lokaci idan ta sha ruwa. Kuma ka riƙa mayar da murfin lensi idan ba ɗauka kake ba. Labulen M6 da ke rufe fim a bayan lensi na ƙyalle ne, idan ka ajiye ta a benci tana kallon rana, lensin zai tara hasken wuri ɗaya ya huda shi.